Rariyar Alhaji Nouhou

Nouhou Mai Moussa Gambo, an haife shi ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1963 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Yana nan da ransa, zaune a Clichy-sous-Bois, gabas da Paris. Na faɗi wannan tun farko domin kada a ce na jira ƙasa ta rufe idonsa sannan na buɗe baki. Idan ya ga kuskure a abin da na rubuta, ya san ƙofar gidan 'yata a Bobigny, inda nake zaune tun da na ajiye alli.

Na koyar da shi shekara biyu a lakwal, wato makarantar boko, yana yaro. Ba daƙiƙi ba ne. Kansa yana ja, rubutunsa mai kyau. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ranar sharar filin lakwal ba a ganin tsintsiya a hannunsa. Yakan tsaya a inuwar itacen bedi yana nuna wa sauran yara inda ganye ya rage, da irin muryar da ke sa mai shara ya ji kamar alfarma aka yi masa. Na yi masa faɗa, na yi masa horo. Da ya girma, halin ya girma tare da shi.

A shekarar 1986 ya samu tallafin karatu ya zo Lyon, ya karanta tattalin arziki. Karatun bai kai inda aka nufa ba, amma ya zama shugaban ɗaliban Nijar na garin, kuma ya daɗe a kan kujerar fiye da yadda ya daɗe a kowane aji. Duk baƙon ɗalibin da ya sauka, ɗakinsa na Villeurbanne yake fara zuwa. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye shi ba. Sai dai baƙon shi ke ɗaukar cefane, shi ke dafa shinkafa, shi ke wanke tukunya. Cikin waɗanda suka kwana a dardumarsa akwai wani saurayi ɗan Doso mai suna Mounkaila, wanda ya zo ba tallafi, ya yi sanyin farko a ɗakin. Daga baya Mounkaila ya bar karatu ya shiga aikin haƙa da daidaita ƙasa a wuraren gini. Yau yana da kamfaninsa a Vénissieux, gefen Lyon, da motoci, da ma'aikata. Nouhou bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "yarona".

A Lyon ya zauna da matarsa Fatimata, 'yar Maraɗi, a can kuma suka haifi 'yarsu Hafsah. Bayan haka ya samu aikin biro, wato na ofis, a wata ƙungiya a Paris, ya je Makka, ya zama Alhaji, ya sayi ɗan ƙaramin gida a gefen Clichy-sous-Bois, inda dogayen benaye suka ƙare, ƙananan gidaje masu fili suka fara. Ranar da ya karɓi makulli, duk wanda ya san lambarsa ya ji labari.

Gidan yana da fili a baya, filin kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Hajiya Fatimata tana da aikin kanta. Ta yi horo, ta ci jarrabawa da faransancin da ta koya tana babba, hukumar kula da lafiyar yara ta ba ta izinin rainon 'ya'yan mutane a gidanta. Da safe iyaye su kawo mata jariransu su wuce aiki, da yamma su ɗauka. Ta fi shekara goma a kan haka, ba a taɓa kama ta da laifi ba. Gida sunan Alhaji ne, mota sunan Alhaji ne. Takardar izinin nan kaɗai ke ɗauke da sunan Fatimata a duk faɗin Faransa. Amma izini ne da ake sabuntawa. Ma'aikaciyar hukuma takan zo ta duba ɗakuna, ta duba matakala, ta duba filin da yara ke wasa. A zuwanta na bazara ta tarar da ruwa kwance a tsakiyar filin, ya yi kore, bangon ɗakin barcin yara kuma ya fara jiƙa daga ƙasa. Ta ce a gyara kafin ta dawo, in ba haka ba ba za ta iya sa hannu ba.

Hajiya ce da kanta ta kira Mounkaila. Ya taso daga Lyon wata Lahadi, ni ma an gayyace ni cin abincin rana, saboda haka abin da ya biyo baya da kunnena na ji shi. Mounkaila ya zagaya filin, ya tona da dugadugin takalminsa, ya damƙi ƙasar ya murza.

Ya ce, "Yaya, wannan yumɓu ne. Ba ya shan ruwa kamar rairayin gida. Sai an haƙa dogon rami, a zuba tsakuwa, a shimfiɗa tiyo mai huji, a kai ruwan magudanar titi. Kuma sai an nemi izinin meri, hukumar gari."

Alhaji ya ce, "Izini? A gidana?"

"A titinsu, Yaya. Gidan naka ne, titin nasu ne. Zan turo ma'aikatana biyu da ƙaramar motar haƙa. Ka sa hannu a takardar aiki kamar kowa, shi ke nan."

Alhaji ya ajiye kofin shayi, ya juyo wajena; Mushe yake ce mini har yau, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu. "Kamar kowa. Mushe, ka ji? Yaron da ya kwana a dardumata, da rigar sanyina a jikinsa, yau ni ne kamar kowa."

Mounkaila ma ba mai sanyin baki ba ne, arziki kuma bai ƙara masa ladabi ba. Ya ce, "Dardumar nan na daɗe da wanke ta, tare da tukwanenka da safarka. In kana son yaro, babu. In kana son mai aiki, ga ni."

Hajiya ta fito daga madafa tana cewa, "Alhaji, don Allah. Mounkaila, don girman Allah, ga tuwo na kwashe." Mounkaila ya gaishe ta, ya gaishe ni, ya shiga motarsa bai taɓa abincin ba. Wannan bai kyauta ba, na kuma faɗa masa daga baya. Amma shi ya koma Lyon ga harkokinsa. Ruwan yana nan a filin Hajiya.

Akwai kamfanoni a nan jiharmu ta Seine-Saint-Denis masu irin wannan aiki, Hajiya ta samo lambobin wasu. Alhaji ya ce ba za a ji a Tasawa cewa ɗan Mai Moussa ya ɗauko Bature ya gyara masa tsakar gida ba. Ya ce mu manoma ne, jikokin manoma. Ranar Juma'a bayan salla, a ƙofar masallacin da muke haɗuwa a Saint-Denis, ya ɗaga murya ya kira gayya.

Dole in tsaya a nan in faɗi abin da gayya take, domin 'ya'yanmu na nan sun san sunanta, ba su san sharuɗanta ba. Mai gayya yana kiran jama'a su taya shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Yana ciyar da su. Shi ne na farko a gona, shi ne na ƙarshen fita. Ranar da wani daga cikinsu ya kira tasa, yana zuwa da hauyarsa ba tare da an aika masa sau biyu ba. Alhaji Nouhou ya ɗauki sharaɗin ciyarwa, ya miƙa wa matarsa. Sauran ya bar su a Tasawa.

Jama'a sun amsa, ban kuwa zarge su ba. Mutumin da ya yi shekaru yana duban allon na'ura a hawa na tara, idan aka ce masa gayya, zuciyarsa takan tashi. Wata Asabar cikin Oktoba suka cika gidan. Akwai Bukari, ɗan Tawa, mai rubuta kundin digirinsa na lissafi a jami'ar Saint-Denis. Akwai Abdulrazak, ɗan Damagaram, injiniyan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Sauran ma duk irinsu ne, masu laushin tafin hannu da sababbin takalman roba. Sun sayo shebur da diga da hauyar Turawa mai gajeren baki. Ni an kira ni in yi addu'ar buɗewa, na yi, aka ba ni kujera.

Alhaji ya fito da shadda fara ƙal da hula, da carbi a hannu. Ya hau matakalar ƙofar baya, daga nan bai sauko ba.

Abdulrazak ya ce, "Alhaji, ina hauyarka? Ko mai gayyar yana ciki, kai ɗan aikensa ne?"

Aka yi dariya. Alhaji ya ce, "Bayana ke ciwo, ƙanena. Likita ya hana ni sunkuyo. Ku fara daga can, ku kifa ƙasar sosai."

Suka kifa ta sosai. Yumɓun da ya yi shekaru a danne, ciyawa ta riƙe shi, suka farfasa shi kamar za a shuka gero. Bukari ya ce a garinsu ramuka ake yi a jere, ruwa ya taru a ciki ƙasa ta sha.

Abdulrazak ya ce, "Kai ɗan Adar, ku da kuke ganin hadari sau uku a shekara, me ka sani game da korar ruwa? Ku tarbarsa kuka iya. Da da hali da kun shimfiɗa masa tabarma."

Bukari ya ce, "Ku kuma a Damagaram ruwan famfo ma sai an yi masa saukar Alƙur'ani."

Da wasa da dariya suka yi aikin, Abdulrazak ma ya yi musu kirari yana buga bokiti. Hajiya tana ciki tun asuba, ta yi tuwo, ta yi dambun zogale, ta dama fura da madarar kanti. Lokaci-lokaci takan leƙo ta taga ta dubi filin da yaran rainonta ke rarrafe a kai yana komawa gona.

Bayan azahar aka zo ga daidaita ƙasa. Alhaji ya ba da umurni a cike tsakiyar, a karkata filin gaba ɗaya ya gangara zuwa bangon baya. Da aka gama, ya nuna gindin bangon da carbinsa ya ce a fasa rariya.

Bukari ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, bayan bangon nan gidan mutane ne fa. Mais c'est chez la voisine."

"To sai me? A Tasawa ruwan gidanmu ta gidan maƙwabci yake bi, nasa ya bi ta na gaba, har ya fita lungu. Tun kakanni haka ake yi, ba wanda ya taɓa kai wani ƙara. Ruwan sama na Allah ne, ba ni na aiko shi ba."

Gaskiya ne haka ake yi a Tasawa. Amma a Tasawa kakanka ne ya zauna da kakan maƙwabcin suka yarda, ruwan kuma rairayi yake tararwa, kafin la'asar ya ƙafe. Na ce masa a fara yi wa matar sallama. Ya ce, "Mushe, kai dai yi mana addu'a." Wani daga cikin samarin ya ɗaga diga. Ba zan ambaci sunansa ba, umurni ya bi. Aka fasa huji a gindin bangon wanda kan mutum zai shiga, aka yi kabbara, aka zauna cin tuwo. Alhaji ya ɗauki hoto ya aika gida.

Maƙwabciyar sunanta Madam Inès, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gidan. Filinta yana ƙasa da na Alhaji. A ranar tana wurin ƙanwarta a wani gari.

Ruwan Nuwamba ya sauko, irin na ƙasar nan, wanda ba ya tsawa ba ya gaggawa, yana zuba yau yana zuba gobe. Yumɓun da aka farfasa ya sha ya koma kunu. Kunun ya bi gangaren da aka shirya masa, ya fita ta rariya, ya ratsa furannin Madam Inès, ya sauka ta tagar ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, inda tukunyar ɗumama gidan take. Tukunyar ta mutu. Tsohuwa ta zauna cikin sanyi da bargo biyu. Bangon kuma, da aka sare masa gindi ruwa yana cin ƙasarsa, ya tsage daga rariyar har sama, ya karkato wajen filin Hajiya.

Madam Inès ta kai ƙara meri, abin da duk mai hankali zai yi. A cikin wannan hali ma'aikaciyar hukuma ta dawo. Ta tsaya a matakalar da Alhaji ya tsaya ranar gayya, ta dubi taɓon, ta dubi bangon. An ce ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Hajiya ba za a bar yara a gidan da bango zai iya faɗo musu ba. Aka dakatar da izinin, aka ba ta wa'adin 'yan watanni: a gyara bango, a fitar da ruwa yadda doka ta ce, sannan a sake dubawa. Bangon na gidajen biyu ne, ba a taɓa shi sai da yardar maƙwabciya.

Iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Ba su da laifi, suna da aikin zuwa ranar Litinin. Wata uwa ta yi kuka a ƙofa, domin Hajiya ce ta raini babban ɗanta, ga ƙaramin yanzu ya fara kiranta Tata.

A ƙofar masallaci Alhaji ya raba laifin kashi-kashi, bai rage wa kansa ko ɗaya ba. Ya ce bakin Mounkaila ne. Ya ce 'yan gayya ba su iya aiki ba, 'yan boko ne da suka manta hauya. Ya ce maƙwabciyar ba ta son baƙar fata. Abdulrazak, wanda tafin hannunsa bai gama warkewa ba, ya ce masa a gaban jama'a, "Alhaji, mu dai inda carbi ya nuna nan muka sara." Da Abdulrazak ya tashi sauya gida cikin Disamba ya nemi a taya shi ɗaukar kaya, duk 'yan gayyar sun je. Alhaji ya aiko da saƙo cewa bayan ya tashi.

Hajiya ta yi ta roƙonsa ya je ya ga Madam Inès. Ita kanta kunya ta hana ta. Ta ce da wane ido za ta dubi matar da aka kashe wa wuta a tsakiyar sanyi. Kullum amsarsa ɗaya ce: ya je, matar ta ƙi buɗe ƙofa, ta ce sai a kotu. Ya hana ta zuwa, ya ce kada ta zubar masa da mutunci a ƙofar wadda ta kai shi ƙara. Hajiya ta kira ni a waya, gaisuwa a gajarce, ba yadda ta saba ba.

Ta ce, "Mushe, ka yi masa magana. Kai ka koyar da shi."

Na yi masa magana. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce in sha Allahu, ya raka ni har tashar bas.

Wa'adin ya cika, bango yana yadda yake, an tokare shi da katako biyu. Aka janye izinin. Hajiya ba ta yi rigima ba, ba ta kira kowa ba. Ta wanke ƙananan kujerun yara da gadajensu ta bai wa wata 'yar Mali mai irin aikinta. Da azumi ya wuce ta ce za ta Lyon ta ga Hafsah, wadda ke aikin jinya a can. Tana can har yau. Tana goge daɓe da wanke kwanoni a wani gidan rainon yara, a ƙarƙashin 'yan mata sa'o'in 'yarta. Auren bai mutu ba; ba ta dawo ba ne kawai. Alhaji yana ce wa masu tambaya ta je taya Hafsah zama.

Bayan tafiyarta na ga ya kamata wani daga cikinmu ya je ya ba Madam Inès haƙuri, tunda da addu'ata aka buɗe aikin da ya ɓata mata gida. Na sa kwat, na sayi 'ya'yan itace, na ƙwanƙwasa. Ta buɗe nan take. Ta zaunar da ni, ta kawo kofi, ta ce ta san ni, ni ne tsohon da 'yan'uwanmu ke durƙusa wa. Na faɗi abin da ya kawo ni da faransancin da na koyar shekara talatin da biyar. Ta saurara har na gama, sannan ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai.

Ta ce, "Me ya sa Fatima ta ƙi? Ina sonta. Ina jin dariyar yaranta ta bangon nan, ita ce rediyona. Na yi fushi, gaskiya ne, amma ban so ta rasa aikinta ba."

Na ce ban gane abin da Hajiya ta ƙi ba.

Ta dube ni, ta ajiye kofinta, ta ba ni labari. Da ta ji an dakatar da izinin, ita da kanta ta taka ta je gidansu, da rana, Hajiya ta fita kasuwa. Alhaji ya buɗe mata. Ta ce masa za ta janye ƙarar. Ta ce filinta ne ke kusa da magudanar titin ƙasa, saboda haka ta yarda a haƙa ta cikin furanninta a wuce da tiyo, a sake gina bangon tare, ita kuma za ta rubuta wa hukuma cewa an daidaita. Sharaɗinta ɗaya ne: ma'aikaci na gaske ya yi aikin, kowane ne. Alhaji ya yi mata godiya, ya ce zai yi shawara da matarsa. Da ta ji shiru ta sake komawa, ya ce mata matarsa ta ce a'a.

Alhaji Nouhou Mai Moussa Gambo bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Madam Inès ba. Ita ta ƙwanƙwasa tasa, sau biyu, da sauran lokaci a wa'adin Hajiya. Bai faɗa wa Hajiya ba, bai faɗa wa Hafsah ba, bai faɗa wa kowa ba.